Dankalin da Ba na Turawa Ba

A rumfar Nomau mai shayi, nan Kwarin Madaci,
ɗan ƙanwata ya dawo hutu daga Dutse
da littafi mai yagaggen bango.
Ya ce, "Kawu, ka san Inka?"
Na ce, "'Yar gidan wa ce?"
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Ba mace ba ce, in ji shi, al'umma ce
can ƙetaren teku, inda duwatsu
ke yi wa gajimare matashin kai.
Ba tawada, ba alƙalami:
igiya suke ƙullawa, ƙulli ya riƙe lissafi.
Sarkinsu in ya mutu ba ya shiga rami,
a busar da shi, a naɗe shi da saƙi,
a zaunar da shi, ana zuwa gaisuwa.

Sai baƙi suka iso da doki da bindiga,
suka kama sarki mai rai.
Aka tara musu zinariya cikin ɗaki don fansa,
suka karɓe, suka shaƙe shi duk da haka.
Waɗanda suka rage suka hau tsauni, suka shige kurmi,
shekara kusan arba'in bakinsu bai ce "mun bi" ba.
Gawarwakin sarakuna kuwa
aka riƙa gudu da su cikin dare,
daga wannan gida zuwa wancan,
kamar mai ɗibar wuta a kasko yana kare ta da tafi.

Na ajiye kofi.

Don mu ma muna da Jatau.
Shekarar da bature ya aiko a ƙirga kawunanmu,
Jatau ya ce kansa ba goro ba ne.
Ya kwashi mutane da awaki da irin dawa
ya haye Dutsen Shirwa, damina uku
suna shan ruwan kogo.
Tari ne ya kashe shi, ba harsashi ba.
Tsofaffi huɗu suka sauko da shi kafin asuba,
suka rufe, suka kora garken shanu a kai
har ƙasa ta manta an taɓa ta.
Kakana Barmo, yana yaro,
shi ya riƙe musu aci-balbal.

Bara wasu suka zo da mota fara
da sanda mai kuka kamar sauro in ta ji ƙarfe.
Wai da tulun azurfa aka binne shi.
Jatau! Mutumin da riga ɗaya ta ishe shi.
Suka damƙa mini dubu ashirin,
na karɓa, ban ƙi ba, taki ya yi tsada.
Na nuna musu gindin kukar bakin rafi.
Kwana shida suna haƙa,
suka fito da ruwan fartanya
da muƙamuƙin jaki.

Nomau ya juye dankali da ƙwai a faranti.
Yaron ya tsinci ɗaya ya ɗaga:
"Wannan ma nasu ne, Kawu.
A tsaunukansu aka fara noma shi."
Na ce, "Dankalin Turawa?"
Ya ce, "Haka dai muke cewa."
Ashe ɓarawo in ya daɗe da akuya
har maƙwabta sukan kira ta da sunansa.

Na tauna a hankali, kamar mai neman gafara.
Na ce, "To, an gano su, sarakunan?"
"An gano wasu, an kwashe.
Wasu har yau ana nema."
Na ce, "Madalla,"
ban san na faɗa da ƙarfi ba.

Ya dube ni. "Kawu, kai ka san wurin?"
Na ce masa shayinsa zai huce.

Da yamma muka kama hanyar gida,
shi a gaba, littafi a hammata.
Akwai wata gona, gerona ne ma a ciki,
da ba na juya kai in kalla
muddin akwai mai tafiya kusa da ni.